Na riga na tura takardun neman gurbi, in sake zama LSAT a Janairu?

"Assalamu alaikum Malam. Ina zaune a Amurka da iyalina, ina da katin zama na dindindin, amma digirina na farko a gida Najeriya na yi shi, a fannin kimiyyar siyasa. Ina neman shiga karatun lauya na JD. Na zauna LSAT, jarrabawar shiga makarantun lauya, a watan Oktoba na samu 158, alhali a gwaje-gwajen da nake yi a gida ina samun 162 zuwa 165. Na riga na tura takarduna makarantu shida a farkon Nuwamba. Biyun da na fi so makin tsakiyarsu, wato makin ɗalibin da ke tsakiyar layin waɗanda suka ɗauka, 163 ne, sauran huɗun kuma tsakanin 155 da 159. Wasu na ce min in sake zama a Janairu, wasu kuma na cewa makarantu ba sa son mai maimaici, kuma idan na yi ƙasa da na farko na jawo wa kaina. Don Allah mene ne gaskiyar lamarin?"

Wa'alaikumus salam 'yar'uwa. Tambayarki ta haɗa abubuwa biyu da ya kamata a raba su. Na farko shi ne ko maki na biyu zai iya cutar da ke idan bai kai na farko ba. Na biyu, wanda masu ba ki shawara ba su taɓo ba, shi ne abin da zai faru da fayilolinki shida da ke gaban makarantu daga ranar da kika yi rajistar Janairu zuwa ranar da sakamako zai fito. Na farkon tsoronsa ya fi haɗarinsa yawa. Na biyun shi ne inda mutane ke yin asara ba su sani ba. A taƙaice, da irin lambobin da kika kawo ina ganin ki yi rajistar, amma kada ki bar makarantun nan shida su yi wa fayilinki hukunci iri ɗaya.

Maganar cewa ba a son mai maimaici

Wannan magana tana da tushe, sai dai zamaninta ya wuce. Kafin 2006, ƙungiyar lauyoyin Amurka, ABA, wadda ke tantance makarantun lauya, tana sa makarantu su ba da rahoton matsakaicin makin ɗalibin da ya zauna jarrabawar fiye da sau ɗaya. A wancan tsarin, wanda ya samu 158 sannan ya samu 164, a takarda ɗan 161 ne. A 2006 aka sauya, aka koma ba da rahoton maki mafi girma. Tun daga nan galibin makarantu suka koma dogaro da mafi girman, saboda shi ne ke shiga alƙaluman da suke bugawa kowace shekara a rahoton da ake kira na 509, kuma daga nan masu jera makarantu ke ɗaukar makin tsakiya. Waɗanda ke tsorata ki, da alama ko dai sun yi nasu neman kafin wannan sauyi, ko sun ji daga waɗanda suka yi.

Wannan ba ya nufin kwamiti ba ya ganin sauran makin. Hukumar LSAC da ke shirya jarrabawar tana aika wa makaranta rahoto ɗauke da duk sakamakonki na kusan shekara biyar da suka wuce, har da wanda aka soke, wanda ke fitowa da alama ba tare da lamba ba. Wasu makarantu ma sun rubuta a shafinsu cewa suna duba duka. To amma dubawa daban, hukunci daban. Zama biyu ko uku abu ne da suke gani kullum. Inda mai karanta fayil ke fara ɗaga gira shi ne zama huɗu ko biyar a jere, maki yana kai-komo a wuri ɗaya, domin hakan na nuna mutum yana jarraba sa'a ne ba shiri yake sauyawa ba. Ke zama ɗaya kika yi, ba ki ko kusanci wannan ba.

Akwai iyaka da ya kamata ki sani tun yanzu: sau biyar cikin shekarun da ake ba da rahotonsu, sau bakwai a tsawon rayuwa. Tsohuwar dokar sau uku a shekara ɗaya an cire ta a 2023. Zaman da kika soke sakamakonsa ana ƙirga shi, amma rajistar da kika janye kafin ranar jarrabawa ba a ƙirga ta.

Me ya sa 158 ɗin ya fi yi miki nauyi fiye da wasu

Ga abin da ya shafe ki musamman. Ɗalibin da ya yi digirinsa a Amurka ko Kanada, LSAC tana lissafa masa makin digiri a sikeli ɗaya da kowa, makaranta kuma tana ba da rahoton lambobi biyu a kansa: na digiri da na LSAT. Idan ɗaya ya yi rauni, ɗayan na iya tallafa masa. Wanda ya yi digiri a Najeriya, Nijar, Gana ko Kamaru ba a fitar masa da wannan lambar. Takardar sakamakonsa tana bi ta tantancewa, a ba ta ɗaya daga cikin matakai huɗu: mafi kyau, sama da matsakaici, matsakaici, ko ƙasa da matsakaici. Wannan bayanin kwamiti na karanta shi, amma ba ya shiga lissafin makin tsakiyar makaranta. Ma'ana, lamba ɗaya tilo kika kawo teburin, ita ce 158.

Yanzu ki duba yadda makin tsakiya ke aiki. Idan an jera ɗaliban aji daga mafi ƙaranci zuwa mafi girma, na tsakiyar layi shi ne ma'auni. Makarantar da ke son riƙe 163 tana buƙatar aƙalla rabin ajinta su kasance a 163 ko sama. A wannan lissafin, mai 162 da mai 150 ɓangare ɗaya suke, mai 163 da mai 175 su ma ɓangare ɗaya. Shi ya sa ba kowane ƙarin maki ke da daraja ɗaya ba. Idan kika tashi daga 158 zuwa 161, a makarantu biyun da kike so kin ƙara kyau a ido amma ba ki ƙetare layi ba. A makarantar da tsakiyarta 159 ce kuwa, wannan ƙarin ukun ya fitar da ke daga masu ja ƙasa ya mai da ke cikin masu ɗagawa, kuma a nan ne tallafin karatu yake. Ki buɗe rahoton 509 na kowace daga cikin shidan, yana shafin makarantar kuma kyauta ne. Za ki ga lambobi uku na LSAT: na kashi 25, na 50 (wato makin tsakiya) da na 75. Ki rubuta su a takarda ɗaya, ki sa 158 a gefe, sannan ki sa 161 da 164, ki ga layuka nawa kowanne ke ƙetarewa. Wannan takardar ta fi duk shawarar da za ki ji a waya.

Batun kuɗi ba ƙarami ba ne. Karatun JD shekara uku ne, kuma a makarantu da yawa kuɗin makaranta kaɗai ya haura dala dubu 50 a shekara. Dokar da aka sa wa hannu a Yulin 2025 ta rufe bashin Grad PLUS, wanda gwamnati ke ba masu karatun gaba da digiri na farko, ga sababbin masu karɓa daga 1 ga Yulin 2026, ta kuma ƙayyade bashin gwamnatin tarayya ga masu irin wannan karatu a dala dubu 50 a shekara, dubu 200 gaba ɗaya. Ga wanda kuma ke guje wa bashi mai ruwa saboda addininsa, tallafin da makaranta ke bayarwa shi ne kusan hanyar da ta rage. Kuɗin rajistar jarrabawa dala 248 ne a zangon 2025 zuwa 2026. Idan aka ɗora shi a sikeli da ragin da maki huɗu ko biyar ke iya jawowa a shekara uku, ba a ma fara awo ba.

Shin 162 zuwa 165 ɗin nan gaskiya ne?

Duk shawarar ta rataya ne a kan wannan, don haka zan daɗe a nan. Binciken LSAC a kan masu maimaitawa ya daɗe yana nuna cewa matsakaicin ƙarin da ake samu a zama na biyu maki biyu ne zuwa uku, kuma akwai waɗanda ke yin ƙasa. Jarrabawar kanta tana da tangarɗar awo ta kusan maki uku sama ko ƙasa, shi ya sa ake ba da sakamako tare da zangon maki. Wanda ainihin ƙarfinsa 161 ne zai iya samun 158 yau ya samu 163 wata mai zuwa ba tare da ya koyi komai sabo ba. Ke kina buƙatar biyar, wato fiye da abin da yawanci ke samu. Mai yiwuwa ne, amma sai in gwajin gidan naki na gaskiya ne.

Gwajin gida yana yin ƙarya ta hanyoyi sanannu. Tun Agustan 2024 jarrabawar sashe huɗu ce, kowanne minti 35: biyu na nazarin hujja, ɗaya na fahimtar karatu, da ɗaya na gwaji wanda ba a ƙirga makinsa kuma ba a gaya miki wanne ne. Hutu ɗaya ne, na minti goma, bayan sashe na biyu. Idan a gida sashe uku kike yi ki tashi, ba ki taɓa gwada kanki a minti 35 na ƙarshe ba, lokacin da ido ya gaji kuma hankali ya fara yawo. Idan kina tsayar da agogo don ki duba tukunya ko ki amsa kukan yaro, makin nan ba naki ba ne. Idan kina ƙara minti biyu don ki ƙarasa tambayoyin ƙarshe, waɗannan minti biyun sun isa su ba ki tambaya biyu a kowane sashe, wato kusan duk tazarar da ke tsakanin 158 da 163. Haka idan kin taɓa ganin tambayoyin a littafi ko a darasi kafin ki haɗu da su a cikakken gwaji, ko a takarda kike yi alhali a allon kwamfuta ake zama. Tsofaffin littattafai masu ɗauke da sashen wasannin lissafin tunani da aka cire su ma suna kumbura makin waɗanda suka ƙware a wancan sashen.

Abin yi shi ne wannan, cikin mako biyu masu zuwa. Ki shiga LawHub, dandalin LSAC da kansa, ki zaɓi cikakkun gwaji uku da ba ki taɓa buɗewa ba. Ki yi kowanne a sa'ar da za ki zauna ta gaske, sashe huɗu, hutu ɗaya, waya a wani ɗaki, wani ya riƙe miki yara. Ki ɗauki matsakaicin ukun, kada ki ɗauki mafi girma. Idan ya fito 162 ko sama, to 158 ɗin Oktoba tuntuɓe ne kuma sake zama ya wajaba a ganina. Idan ya fito 159 ko 160, to Oktoba ta faɗa miki gaskiya, kuma tambayar ta koma ko mako shida ko bakwai sun isa ki koyi abin da ba ki iya ba.

A sikelin tambayoyi, tazarar ba ta kai yadda ake tsoro ba. Tambayoyin da ake ƙirgawa sun ɗan haura 75. Ya danganta da jarrabawar, amma a wannan zangon tazarar 158 da 163 kusan tambaya shida ce zuwa takwas, wato biyu ko uku a kowane sashe. Ba a cire maki don amsa ba daidai ba, saboda haka barin tambaya ba amsa asara ce tsantsa. Hanyar samo waɗannan bakwai ɗin ba yawan gwaji ba ce. Bayan kowane gwaji, kafin ki duba amsoshi, ki koma kan duk tambayar da kika yi shakka, ki sake ta ba agogo. Wadda kika gyara da kanki matsalar lokaci ce. Wadda kika sake faɗuwa matsalar fahimta ce, kuma maganinsu ba ɗaya ba. Ki buɗe littafi ki riƙa rubuta kowace tambaya da kika faɗi: irinta, amsar da kika zaɓa, me ya ja ki gare ta, da kalmar da ta rushe ta.

Ga misalin abin da irin wannan littafi ke tonowa. Hujja ta ce: duk wanda aka ba lasisi ya ci jarrabawa, Audu ya ci jarrabawa, don haka an ba Audu lasisi. Kuskuren shi ne an mai da sharaɗin da dole a cika ya zama sharaɗin da ya wadatar. Cin jarrabawa dole ne, amma ba a ce shi kaɗai ya isa ba. A Hausa kowa zai gane wannan nan take. A Turancin jarrabawa kuwa ana ɓoye shi cikin ƙananan kalmomi masu ma'anar "sai dai idan", "kawai idan", "mafi yawa", "wasu", a tsakiyar jimla mai layi huɗu. Waɗanda suka yi karatu a gida sau da yawa tunaninsu lafiya lau ne, ƙananan kalmomin nan ne ke kuɓuce musu a guje. Idan kika tarar tambaya huɗu cikin goman da kika faɗi duk wannan ciwon ne, kin samo fiye da rabin abin da kike nema, kuma abu ne da ake warkewa cikin makonni. Idan kuwa kurakuranki a warwatse suke, musamman a sashen karatu inda kike kai wa nassi na huɗu, wato na ƙarshe, saura minti uku, wannan ya fi jinkirin gyaruwa, kuma Janairu na iya yi miki kusa.

Abin da ke faruwa da fayilinki idan kika yi rajista

Yawancin makarantun lauya na Amurka suna buɗe karɓar takardu a Satumba, suna karantawa suna yanke hukunci yadda takardu ke isowa, ba sa jiran ranar rufewa. Kujeru da kuɗin tallafi suna raguwa a hankali. Kin tura a farkon Nuwamba, wato kin shiga layi da wuri, kuma wannan riba ce da kike riƙe da ita a hannu.

Da zarar kin yi rajistar Janairu, makarantun da kika nema za su iya ganin cewa kina da jarrabawa a gaba. Daga nan kowace da al'adarta. Wata za ta ajiye fayilinki a gefe kai tsaye, ta ɗauke shi a matsayin wanda bai kammala ba har sai sabon maki ya zo. Wata za ta ci gaba da karantawa da 158 sai idan ke kika roƙi a dakata. Wata kuma a fom ɗinta akwai wurin da ake tambaya, kuma abin da kika cika a Nuwamba shi suke bi. Sakamakon Janairu yana fitowa ne a ƙarshen Janairu ko farkon Fabrairu. Saboda haka abubuwa biyu na iya lalacewa, kuma kishiyoyin juna ne. Makarantar da tsakiyarta 155 ce, wadda da ta ɗauke ki a Disamba har da tallafi, ta ajiye ki wata biyu da rabi kina jiran makin da ba ta buƙata. Makarantar 163 kuma, wadda kike sake jarrabawar dominta, ta karanta fayilinki a Disamba da 158 ta ƙi ki, sabon maki ya iso bayan an rufe magana. Wanda aka riga aka ƙi, da wuya a sake buɗe masa fayil a wannan zangon.

Maganin shi ne ki rubuta wa ofishin ɗaukar ɗalibai na kowace makaranta imel dabam, a ranar da kika yi rajista. Gajere, da cikakken sunanki da lambar asusunki ta LSAC a sama. Ga makarantu biyun da kika fi so, abin da za ki ce shi ne kin yi rajistar LSAT ta Janairu, kina roƙon a dakatar da duba fayilinki har sakamakon ya iso, kuma a tabbatar miki an yi hakan. Ga waɗanda 158 ya kai ko ya haura tsakiyarsu, ki ce kin yi rajistar Janairu amma kina roƙon a duba fayilinki yanzu da makin da ke ciki, ba tare da jira ba. Wadda tsakiyarta 159 ce ita ce mai wuyar hukunci. Ni zan bar ta ta karanta yanzu idan wasiƙun shaidar malamanki da bayanin da kika rubuta a kan kanki suna da ƙarfi, domin tazarar maki ɗaya ce kuma sabon maki zai iya yin aiki daga baya a maganar tallafi. Bayan kwana huɗu ko biyar ki duba shafin bin diddigin fayil na kowace makaranta ki ga ko matsayin ya sauya. In ba amsa, ki buga waya. Akwai makarantun da za su ce dokarsu ba ta ba da zaɓi ba, duk mai jarrabawa a gaba sai ya jira. In haka ne, aƙalla kin sani kin kuma sa shi a lissafi.

Kafin komai ki tabbatar makarantu biyun nan suna karɓar makin Janairu. Galibi suna karɓa, da yawa ma har na Fabrairu ko bayansa, amma kowace tana rubuta zama na ƙarshe da take amsa a shafinta. Idan a cikin shidan akwai wadda kika nema ta tsarin alƙawarin farko, wanda in an ɗauke ki dole ki je, wannan tsarin yawanci yana yanke hukunci kafin ƙarshen Disamba, kuma makin Janairu ba zai riske shi ba.

Sabon maki ba sai kin aika da kanki ba, LSAC tana sabunta rahoton ga makarantun da kika riga kika nema. Sashen rubutun muhawara na LSAT ma, wanda ba a ba shi maki amma ba a sakin sakamako sai da shi, tunda kin yi na Oktoba ba dole ki sake ba.

Rajista, janyewa da sokewa

Ba a fafe gora ranar tafiya. Rajistar Janairu tana rufewa ne wajen ƙarshen Nuwamba ko farkon Disamba, kusan mako shida kafin jarrabawa, don haka ba ki da damar jira ki ga abin da makarantu za su ce tukuna. Ki duba ranar a shafin LSAC yau. Idan gwaji ukun nan ba za su kammala kafin ranar rufewa ba, ki yi rajistar, ki yanke hukunci daga baya. Ana iya janyewa har zuwa daren jajibirin jarrabawa ba tare da ya fito a rahoto ba, sai dai kuɗin ba ya dawowa idan wa'adin mayarwa ya wuce. Abin da ba a so shi ne ki ƙi zuwa kawai ba ki janye ba. Kuma idan kika janye, a ranar ki sanar da duk makarantar da ta ajiye fayilinki tana jira, in ba haka ba zai iya zama a gefe har Fabrairu yana jiran makin da ba zai zo ba. Wannan kuskuren yana faruwa fiye da yadda ake zato.

Akwai tsarin Score Preview, wanda ake biya ƙarin kuɗi, ya fi araha idan an saya kafin ranar jarrabawa. Yana ba ki kwana shida bayan fitowar sakamako ki gani, ki zaɓi riƙewa ko sokewa. Ba tare da shi ba, sokewa sai cikin kwana shida bayan zama, ido rufe, kafin ki san abin da kika samu. Sokewar ido rufe ba na ba da shawararta sai in wani abu bayyananne ya faru, kamar rashin lafiya a tsakiyar jarrabawa ko sashe guda da bai kammalu ba, domin yadda mutum ke ji bayan ya fito ba ma'auni ba ne. Da yawa suna fitowa suna kuka su tarar sun yi mafi kyawun makinsu. Ko da Score Preview ɗin, idan kika samu 156 ko 157 babu abin sokewa, makin na cikin zangon 158 kuma makaranta da mafi girma za ta yi aiki. Idan ya faɗi da maki shida ko fiye, sokewa na da ma'ana. Matsalar na'ura ko ta mai sa ido a ranar jarrabawa kuma, ki kai ƙorafi ta asusunki a ranar, domin wa'adin ƙorafi gajere ne.

Idan makin ya tashi sosai, misali daga 158 zuwa 166, wasu makarantu na son gajeren bayani. Jimla uku sun isa: abin da ya faru a Oktoba in akwai, abin da kika sauya a shiri, da cewa sabon makin ya yi daidai da gwaje-gwajenki. Kada ki ƙirƙiro uzuri. Duk abin da kika rubuta a neman gurbi yana nan a ajiye, kuma hukumar da za ta tantance halinki kafin ba ki lasisin lauya tana iya komawa kansa.

Idan Janairu ta yi kusa

Sake zama bai ƙare a Janairu ba. Ana yin jarrabawar a Fabrairu, Afrilu da Yuni, kuma kowanne da amfaninsa. Wanda aka sa a jerin 'yan jira, sabon makin da ya ƙetare tsakiya shi ne hujja mafi ƙarfi da zai iya aikawa, domin daga Mayu zuwa Agusta makaranta tana duba ajin da ta haɗa tana neman wanda zai cike mata giɓi. Wanda aka riga aka ɗauka kuma zai iya rubutawa cikin ladabi ya nemi a sake duba tallafinsa da sabon maki. Wasu makarantu suna da fom na musamman don haka, wasu sun ce ba sa yi, kuma waɗanda ke yi ma sai in kuɗi ya rage. Kuɗin kafin alƙalami na riƙe kujera yawanci a Afrilu ko Mayu ake biya, don haka makin Yuni zai zo ne bayan kin riga kin biya a wani wuri.

GRE, jarrabawar shiga karatun gaba da digiri na farko, ba mafita ba ce a gare ki. Makarantu da yawa suna karɓarta, amma tunda kina da makin LSAT a rahoto, shi za su gani kuma shi ke shiga alƙalumansu.

Zaɓi na ƙarshe, wanda mutane ba sa son ji, shi ne ɗaga neman zuwa zango mai zuwa: a zauna a Yuni ko Agusta bayan shiri na wata biyar ko shida, a tura takardu a Satumba da maki mai ƙarfi a farkon layi. Shekara ɗaya tana da tsada ga mai iyali, na sani. Amma idan gwajinki na gaskiya ya tsaya a 159, kuma zuciyarki tana kan makarantun 163 ɗin nan, wannan ya fi ƙona zama biyu a Janairu da Fabrairu a kan shiri iri ɗaya. Ga masu karanta wannan daga gida Najeriya ko Nijar, lissafinku ya ɗan bambanta: ranakun da ake buɗe jarrabawar ga waɗanda ke wajen Amurka da Kanada sun fi kaɗan, ba ku da damar bashin gwamnatin Amurka, dokokin bizar ɗalibai sun tsananta ga ƙasashenmu tun 2025, kuma wanda ya riga ya yi digirin lauya a gida yawanci LLM, digiri na biyu a fannin lauya, yake nema, wadda ba ta buƙatar LSAT.

Babu wanda ke wajen kwamiti da zai iya ba ki tabbacin cewa 163 zai buɗe ƙofar makarantun nan biyu, domin bayanin kanki, wasiƙun malamai da matakin da aka ba digirinki duk suna cikin awo, kuma ban ga ko ɗaya daga cikinsu ba. Abin da lambobinki suka nuna shi ne da 158 kina ƙasa da layi a inda kike so kuma ba ki da lamba ta biyu da za ta tallafa miki. Ki yi rajistar Janairu kafin a rufe, ki aika imel shidan a ranar, ki yi gwaji ukun a cikakken yanayi. Ki sa wa kanki ranar yanke hukunci, kamar kwana goma kafin jarrabawa: idan matsakaicin gwaji biyar na ƙarshe ya kai 162, ki zauna, idan bai kai 161 ba ki janye, ki rubuta wa makarantun da ke jira su ci gaba da 158, ki mai da shirin zuwa Afrilu ko Yuni. Allah Ya ba da sa'a, Ya zaɓa miki mafi alheri.